Hannu Na Yara Ne, Ba Na Jaka Ba

Mu a layinmu ba ma fita yawo, ƙaura muke yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ranar uku ga Sallah ya ga yadda ake loda adaidaita sahu ba zai musa ba. An ce za a kai yara wurin wasa su hau lilo, su ga zaki, su sha askirim, a dawo kafin magariba. To amma dubi abin da ke fitowa daga zaure: kular shinkafa, kular miya, fulas ɗin ruwan zafi saboda jariri, jarkar zoɓo da aka daskarar tun daren jiya, bokitin cincin, ledar soyayyen nama, tabarma, buta, sallaya, lema, da kayan canji na kowane yaro har da ɗan shekara goma sha biyu. A saman wannan duka ga jakar hannun uwargida, wadda ita kaɗai sai an ware mata wurin zama. Mai adaidaita zai leƙo ya ce, "Hajiya, tasha za a kai ku?" A ce masa, "A'a, nan Gidan Zoo ne."

Ba rowa ce ta sa muke haka ba, ba kuma ƙauyanci ba ne. Muna da dalilanmu. Abincin cikin wurin wasa tsada gare shi, kuma uwar da ta kwana tana suya ba za ta yarda ta sayi shinkafar da ba ta san hannun da ya dafa ta ba. Ga zafi: shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, don haka ruwa ya zama dole. Ga kuma tsoron "kada a nema a rasa", wanda shi ya fi komai cika mana jaka. Kada yaro ya ɓata kayansa. Kada a haɗu da dangi a rasa abin miƙa musu. Kada hadari ya taso, ko da kuwa sama tas take. Kowane "kada" da ƙunshinsa.

Abin da ba ma so a faɗa shi ne, kayan nan ba sa gadin kansu. Da an shiga, an sami gindin bishiya an baje tabarma, sai a fara kallon-kallo. Yara sun zabura sun nufi lilo, dole wani ya bi su, dole kuma wani ya zauna. A nan ake naɗa sarautar da babu mai nemanta, sarautar gadin kaya. Kuma kullum mun san kan wa take faɗawa. Ko yayar yaran, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ita ma an yi mata ɗinki da lalle, ta kwana tana ɗokin fitar nan. Ko yarinyar da ke taya aiki a gida. Ko Gwaggo, da sunan wai ai ita ta wuce hawa lilo, alhali babu wanda ya tambaye ta. An biya mata kuɗin shiga cif-cif, amma abin da za ta kalla a ranar shi ne kula da buta da ƙafafun masu wucewa. Da dare ana ta ba da labari a tsakar gida, a juyo a ce mata, "Ke me kika hau?" Ta ce, "Tabarma."

Wannan ne ya sa zancen jaka ya zama abin muhawara a layin namu, tun daga tsakar gidajen mata har majalisar maza ta ƙofar shagon tela. Maman 'yan biyu ce ta fi kowa zaƙewa, kuma lissafinta ɗaya ne. "Ni hannu biyu Allah Ya ba ni," in ji ta, "yara biyu kuma Ya ba ni a rana ɗaya. In na ba jaka hannu guda, wanne daga cikinsu zan saki?"

Wanda ya san ƙofar Gidan Zoo ranar Sallah ya san ba wasa take yi ba. Wurin nan tun farkon shekarun 1970 yake, zamanin Gwamna Audu Bako wanda aka sa masa sunansa, lokacin da Kano ba ta cika ta batse haka ba. Yanzu kuwa, da an kammala kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, yaran birni da na ƙauyukan kewaye can suke kwarara. Haka abin yake a Magicland na Abuja, wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland, kusa da babban filin wasa na ƙasa. Haka yake a Gamji na Kaduna a bakin kogi, haka a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, mai namun daji a cikinsa. A cunkoson ƙofa irin wannan kana buƙatar hannun miƙa tikiti, da hannun riƙe yaro, da hannun kare ƙaramin daga turereniya. Hannu uku ke nan, ga shi biyu gare ka. Ina ragowar da za a ba jaka?

Hajiya ta gidan bene ba ta yarda ba. "Ni in fita ba jakar hannu? An ɗinka leshi, an sayo takalmi mahaɗin jaka, sannan ki ce in ɗaura wani abu a ƙugu? Allah Ya sawwaƙe. Ki bari dai yara su yi." Maman 'yan biyu ta ce, "Hajiya, ai ba a hana ki ado ba. Amma jakar nan taki ta gidan biki ce, inda akwai kujera da tebur. A wurin wasa babu." Kuma gaskiya ta faɗa. Jakar hannu a kan mayafi mai santsi ba ta zama, kowane taku goma sai ta zame ta sauko gwiwar hannu. In kika sunkuya ɗaukar yaro, ta wuntsulo gaba ta buge shi a ka. In lokacin azahar ya yi za a yi alwala, sai an nemi mai riƙewa. A banɗaki babu wurin ajiye ta sai ƙasa, ƙasan ma kin san yadda yake ranar Sallah. Yawancinsu kuma bakinsu a buɗe yake, ko ɗan maɓalli guda ne ke riƙe da shi, wanda bai hana hannun da ba naki ba shiga.

Daga nan sai aka shiga tantance sauran jakunkunan, kowa da gwaninsa.

Jakar baya, irin ta 'yan makaranta, ita ce mai cin kaya. Nauyi yana rabuwa kafaɗa biyu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cur. Gida mai yara huɗu da manya biyu, in kowa zai sha lita guda, kilo shida ke nan tun ba a saka cincin ba. Babu kafaɗa ɗaya da za ta wuni da wannan ta kwana lafiya. Sai dai jakar baya tana da nata aibun. Na farko, a wurinmu bayan uwa ba fili ba ne, wurin goyo ne, an riga an kama. Na biyu, gumi: a zafin bazara, kafin la'asar bayan rigar ya jiƙe sharkaf. Na uku, zif ɗinta yana inda idonka ba ya kaiwa, shi ya sa masu wayo suke juyo da ita gaba da zarar an shiga layi. Na huɗu kuma, ba a hawa lilo da ita a baya. Kujerar an yi ta ne don bayanka ya manne, ƙarfen tsaro ya sauko ya kulle. Jaka a tsakani tana turo ka gaba, ƙarfen ya ƙi zama yadda ya kamata. Dole a cire, in an cire kuma an koma neman mai riƙewa.

Jakar ƙugu ita ce mai mannewa da jiki. Ba ta lilo, ba ta zamewa, tana gabanka kana ganinta, kuma yawancin abubuwan hawa na yara da motocin karo ba sa hana ta. Samarin yanzu ma ba a ƙugu suke ɗaura ta ba, saɓa ta suke yi a ƙirji, wai shi ne yayi. Ranar da ɗan gidan tela ya fito da tasa, majalisa ta ɗauki shewa: "Ga mai POS nan, a ciro mana dubu biyar!" Yaron bai kula ba, ya ce, "Baba, ku yi dariyarku, ni dai wayata ba ta taɓa faɗuwa ba." Matsalarta ƙanƙanta: waya, kuɗi, makulli, 'yar tishu, shi ke nan ta cika. Ga kuma maɗaurinta, wanda in yana tsakiyar baya matsa shi ɗaya ake yi ya buɗe. Dabarar ita ce a juyo da shi gefe, inda gwiwar hannu ke sauka. Ga mai goyo, babu kamarta, don tana zama ƙasa da zanin goyon, ba ta takura jariri ba, ba ta takura uwa ba.

Jakar rataya, mai doguwar igiya da ake saɓawa daga kafaɗa ɗaya zuwa ɗaya gefen, ita ce ta fi samun ƙuri'ar mata. Ta fi ta ƙugu ɗaukar kaya, ba ta ɓata ado sosai, kuma tana shigewa ƙarƙashin hijabi ta ɓace. Amarya ta gidan haya ta ce, "Ni in na saka tawa na zura hijabi, ɓarawo sai dai ya yi istihara." Aka kwashe da dariya. Amma Anti ma'aikaciyar asibiti ta ja kunne a kan abu uku. Igiyar ta zama mai faɗi, don siririya tana yanka kafaɗa, ta sarƙa kuma tana ɗaukar zafin rana, ga saurin tsinkewa. A taƙaita ta, jakar ta zauna a gaban haƙarƙari, ba ta riƙa dukan cinya ba. Sannan kada a cika ta da nauyi, don duk kafaɗa ɗaya yake komawa, washegari a tashi da ciwon wuya a ce iska ce.

Anti ta ƙara da maganar da ta sa kowa ya yi tsit. Duk abin da ke lilo a jiki, igiyar jaka ce, bakin mayafi ne, ƙasan dogon hijabi ne, haɗari ne a kusa da na'ura mai juyawa. Taya ko sarƙa in ta kama ƙyalle ba ta saki, kuma ƙyallen nan a wuya yake. Kafin a hau komai a tattare, a cusa, a zauna a kai. "Ba tsoratar da ku nake yi ba," in ji ta, "rigakafi ne, ya kuma fi magani."

A majalisar maza kuwa, Alhaji mai zuwa saro kaya Dubai shi ne ya karɓi zance, kamar yadda ya saba. Ya ce mu nan wasa muke yi. A Ferrari World na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, akwai jirgin da ake kira Formula Rossa, mai gudun kilomita 240 a awa, har tabarau na kariya ake ba mutum kafin ya zauna. Can ba a hawa da tarkace, akwai akwatunan ajiya masu makulli, ka zuba kayanka ka dawo ka ɗauka. Wani ya ce, "Alhaji, hula fa?" Ya ce, "Zanna-bukar ɗinka ta dubu nawa? Ka hau da ita, sai dai wata ba ita ba." Kuma dalilin a fili yake. In jirgi ya gangaro da ƙarfi, jikinka yana ɗagowa daga kujera, ƙarfen tsaro ne ke riƙe ka. Abin da ke aljihunka babu mai riƙe shi, sai ya tashi. Waya a irin wannan gudun in ta sami fuskar na bayanka, ba maganar fashewar gilashi ake yi ba, maganar asibiti ce.

Yaron maƙwabcinmu da ke karatu a Amurka, da ya zo hutu, ya kawo nasa labarin. A Disney World na jihar Florida, wanda ke aiki tun 1971, ana duba jaka a ƙofa, kuma akwai iyaka: wadda ta wuce santimita 61 a tsawo, 38 a faɗi, 46 a tsayi, ba ta shiga. Sandar ɗaukar hoto an hana ta tun 2015. A wuraren wasan Universal kuma, akwai jiragen da sai ka zuba komai naka a akwatin ajiya, ka bi ta na'urar gano ƙarfe, sannan ka hau. Tela ya ce, "Ashe babbar Ghana-must-go ɗinmu a bakin ƙofa za ta kwana." Yaron ya ce amma a Disney suna bari a shiga da abincin gida, ban da abin da ke cikin kwalba. Da labarin ya isa cikin gida, Gwaggo ta ce, "To ai da sauƙi. Dambun nama ba ya buƙatar kwalba."

Abin da ya ƙara wa zancen nauyi a 'yan shekarun nan shi ne waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, kusan kowa ya koma tiransifa da kati. Wayar nan yanzu ita ce banki, ita ce mai ɗaukar hoton yara a kan doki, ita ce hanyar neman juna in an rabu a cikin taro. In ta tafi, ba kuɗinta kaɗai aka yi asara ba, layin da ke ciki ma abin tsoro ne, don da shi ake shiga asusu. Shi ya sa jakar kirki take buƙatar aƙalla aljihu biyu masu zif. Na ciki, mai manne da jiki, na waya da kati da manyan kuɗi. Na waje na canji, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, don kada a riƙa zazzage sirri gaba ɗaya a gaban mai alawa. Tsabar kuɗi kuma dole a riƙe, domin inda dubban mutane suka taru da wayoyi sabis yakan yi nauyi, kana tsaye tiransifa ta ƙi tafiya, yaro ya riga ya lashe rabin askirim. Ƙaramar fawa banki ma ta samu wuri, amma ba a barin ta a rana. In akwai wasan ruwa, 'yar leda mai tsabta ta isa a naɗe waya.

Duk wannan surutun Baba mai goro yana gefe a kan bencinsa yana jin mu. Da ya gaji ya ce, "Ku ne kuke ganin sabon abu. Mahaifina fatauci ya yi, da lalitarsa a ƙugu ƙarƙashin riga, hannunsa ɗaya da sanda ɗaya da akalar jaki. Wanzami ka taɓa ganin ya riƙe zabira a hannu? Rataye ta yake yi. Ku da kuka je Hajji, harami yana da aljihu ne? Ba bel mai zif kuka ɗaura kuka zuba guzurinku da takardunku ba, kuka yi ɗawafi hannu sake? To me ya sa abin da kuka yi a Makka ba kunya, a nan ya zama abin dariya?" Majalisa ta yi shiru, don babu amsa. Ya ƙara da cewa dukawa suna nan a Kasuwar Kurmi, ka je da awonka a ɗinka maka ta fata yadda kake so, da fatar jar akuyar Sakkwato in aljihunka ya kai, ka mutu ka bar wa jika. Sai dai fata ba ta shiri da ruwa, kuma ta fi yadi nauyi.

To a nan ne zancen ya juyo kan maza, inda muka fi so a tsallake. Mu kullum amsarmu ita ce, "Ai aljihu ya ishe mu." Wane aljihu? Na gefen kaftani, mai baki a wangale, wanda ko a kujerar mota ka zauna sai makulli ya sulale? Na gaban riga, wanda in ka sunkuya ɗaura wa yaro takalmi waya ta riga ka isa ƙasa? Gaskiyar ita ce aljihunmu na gaske jakar matanmu ce. Ana shiga za ka ji, "Maman yara, riƙe min makullin nan." Can kuma, "Saka min hular nan a jakarki." An jima, "Ajiye min cajar nan." Shi kuwa ya yi gaba, hannu a baya yana jan carbi, ko yana latsa waya, yana waiwayowa yana cewa, "Ku ɗaga ƙafa mana, kun cika nawa." Ita tana tafe da goyo a baya, jaka a kafaɗa, leda a hannu, yaro na jan zani.

Maman 'yan biyu ta aiko da saƙo majalisa ta bakin maigidanta, shi kuma ya isar ba don yana so ba: a duk tawagar nan, bayan mutum ɗaya ne kawai babu kowa a kansa, na maigida. Don haka jakar baya tasa ce. Aka fara kame-kame. Wani ya ce shadda mai sitaci ba ta shiri da jakar baya. Wani ya ce in surukinsa ya gan shi fa. Malam mai jan mu salla ya gyara zama ya ce, "Taimaka wa iyali dai sunna ce, kun sha ji a wa'azi. Ban san inda aka cire ranar Sallah daga ciki ba."

Daga baya dai layin ya fara haɗuwa a kan wani tsari, ko da ba a rubuta ba. A ci abinci mai nauyi a gida kafin fita, a bar kula a madafi tana jiran dawowa. Masu mota su bar abin da ya rage a but, in an buƙata a fito a ɗauka, in ƙa'idar wurin ta yarda a fita a dawo. Abin tafiya ya zama wanda ba ya zuba, ba ya tsami: cincin, dambu, dabino, gyaɗa. Uwa da 'yar jakarta ta rataya ko ta ƙugu, mai waya da kuɗi da maganin wanda ke shan magani. Uba da jakar baya, mai ruwa, da famfas, da kayan canji na ƙananan kaɗai, da sallaya marar nauyi. Duk yaron da ya isa zuwa makaranta ya isa ɗaukar gorar ruwansa da cincin ɗinsa a 'yar jakarsa. Sannan kowane yaro a saka masa takarda a aljihu mai lambar wayar iyayensa, a kuma nuna masa wuri ɗaya tun da aka shiga, a ce in ka neme mu ka rasa, nan za ka tsaya. Wanda ya taɓa jin ana cigiyar ɗansa a lasifika ya san takardar nan ta fi bokitin cincin daraja.

Wajen saye ma akwai ilimi. Ko a Sabon Gari ne, ko cikin gwanjon Ƙofar Wambai inda ake dacewa da masu ƙwari, kada kyau ya ruɗe ka, kada araha ta ja ka. Ja zif ɗin ka mayar sau da yawa, ka ji ko yana sarƙewa. Finciki igiyar daidai inda aka ɗinke ta da jaka, don nan ne take fara mutuwa. Saka ta a jikinka a gaban mai kaya, ka sunkuya, ka tsuguna, ka ɗaga hannu sama. In ta wuntsulo ko ta shaƙe ka, ajiye masa abarsa. Gwada buɗe ta da hannu ɗaya, tunda ɗayan yana da aiki. Duba ko wayarka tana shiga ba da dambe ba, don wayoyin yanzu sun yi girma. Kuma kada ranar fita ta zama ranar farko: a je kasuwa da ita tukuna, a ji inda take cizo. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tela ma ya ga kasuwa. Yanzu in ka kai ɗinkin Sallah sai ya tambaye ka, "A saka aljihun ciki mai zif?" Mata kuma sun fara kai hijabi a yi musu ɗan aljihu daga ciki, daidai waya. Ya ce ƙarin kuɗin bai taka kara ya karya ba, mu kuma mun san halinsa.

Gwaggo dai ta riga ta sanar da murabus. Ta sayi 'yar jakar ƙugu baƙa, ta saka goronta da carbinta da kuɗin tikiti, ta ce bana motar karo za ta hau, kuma jikokinta su yi hattara don ba za ta taka birki ba. Yayar yaran ta ce ita lilon jirgin ruwa take so, tun shekarun baya take hangensa daga nesa. Hajiya ta gidan bene har yanzu tana kan bakanta, sai dai an ga 'yarta ta shigo da wata 'yar jakar rataya mai ruwan gwal, kuma launin ya yi daidai da leshin Hajiya fiye da yadda za a ce dace ne kawai.

Alhaji mai zuwa Dubai shi ma ya sauko, ya yarda zai goya jakar baya, amma da sharaɗi guda: kada a ba shi ta makarantar 'yar autarsa, mai ruwan hoda da hoton kyanwa. Uwargidansa ta ce duk gidan jakar nan kaɗai ce zif ɗinta ke aiki, in yana son wata ya san hanyar Sabon Gari. Har yanzu ana sulhu. Tela ya shiga tsakani, ya ce in za a biya shi, zai ɗinka wa jakar riga da ragowar shaddar Alhaji, har da aiki a wuya.